Yabon Wanda Ba Zai Biya Ba

In aka yi rasuwa a unguwar Bukoki ta Yamai, kafin masu rakiyar gawa su dawo daga maƙabartar Yantala an riga an kafa rumfa a ƙofar gida, an tare rabin titi da bencina, an shimfiɗa tabarmi. Maza a waje, mata a ciki. Mai gaisuwa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya nemi a yi wa Annabi salati, a karanta Ƙulhuwallahu, a shafa. Sannan ya dubi dattijon da ke tsakiya ya ce, "Baba, ya haƙuri?" A amsa masa, "Da godiya." In Bazabarme ne ya ce, "Fonda tilas." Unguwar ta kowa ce, akwai mutanen Dogondutsi da na Adar da na Gobir, akwai na Zarmaganda, ga Buzaye ga Fulani, don haka a rumfa guda sai ka ji ta'aziyya da harshe uku.

Bayan addu'a sai shaida ta biyo. "Mutumin kirki ne." "Ba shi da abokin faɗa." "Kullum yana sahun gaba." Wannan ba al'ada ce kawai ba, tana da tushe a hadisi, inda aka nuna cewa abin da jama'a suka faɗa a kan gawa yana da nauyi, aka kuma hore mu da ambaton alherin matattu. Damuwata ita ce shaidar tamu ta zama kamar makarar masallaci: guda ɗaya ce, kowa a cikinta ake ɗauka. Kalmomin da aka faɗa a kan mai ƙera tukwane na kasuwar Katako su ne za a faɗa gobe a kan tsohon ma'aikacin gwamnati, jibi a kan saurayin da babur ya kayar. Ba ƙarya aka yi ba. Amma ɗan mamaci da ke zaune a gefen tabarma yana saurare bai ji mahaifinsa a cikin maganar ba. Ya ji an ambaci wani mutumin kirki, shi kuwa wani mutum takamaimai ya rasa, mai irin tasa dariyar da irin nasa fushin.

Abin mamaki ne a ce mu ne yabo ya gagara, mu da muka gaji yabo kaka da kakanni. Narambaɗa ya ƙare rayuwarsa yana wasa Sarkin Gobir na Isa, Ɗanƙwairo ya zagaya fadoji, Ɗan Anace ya ɗaga Shago har sunansa ya wuce fagen dambe. A nan Yamai duk wanda ya tashi da rediyon Muryar Sahel a kunnensa ya san muryar Jado Seku da Jeliba Baje, jasare, waɗanda suka riƙa kaɗa molo suna jero kakannin mutum ɗaya bayan ɗaya har sai tsikar jikinsa ta tashi. Matan Zabarmawa suna da zamu, waƙoƙin da uwa ke yi a kan sunan ɗanta, waɗanda Julde Laya da Jeanne Bisilliat suka tattara suka buga a 1972. Tun da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, ba a taɓa ɗaga takobi babu kirari ba. Ni ba na cikin masu raina wannan yabo. Makaɗin fada na gaske ba shafa wa sarki mai kawai yake yi ba, yana ɗora masa ma'auni ne a gaban jama'a, ya ce ga abin da ubanka ya yi, saura kai. Sai dai duk wannan yabo yana da kunnen da ke ji da hannun da ke miƙa kyauta. Marsiyya ce kaɗai yabon da ake yi wa wanda hannunsa ya shiga ƙasa. A nan ake gane ko mawaƙi ya san mutumin, ko kuwa rigarsa ya sani.

Ko marsiyyar ma ana iya sayenta, tunda mamaci yana barin magada. Turawan Ingila na ƙarni na 17 sun sha wannan muhawara, kuma labarinsu ya cancanci a tsaya a kansa. A Disamba 1610 wata yarinya mai suna Elizabeth Drury ta rasu tana gab da cika shekara 15. Mahaifinta, Sir Robert Drury, attajiri ne. A lokacin John Donne, wanda yau ake lissafa shi cikin manyan mawaƙan Ingilishi, yana cikin talauci da tarin ƴaƴa, domin auren sirri da ya yi da Anne More a 1601 ya jawo masa rasa aikinsa. Bai taɓa ganin yarinyar ba. Duk da haka ya rubuta mata dogayen waƙoƙi biyu, aka buga a 1611 da 1612, kusan layi dubu in an haɗa, inda ya mai da mutuwarta mutuwar duniya baki ɗaya. Uban yarinyar ya ji daɗi, ya tafi da shi yawon Turai, ya kuma ba shi wurin zama a Landan. Abokinsa Ben Jonson kuwa bai ɓoye ra'ayinsa ba. Da ya ziyarci William Drummond a Sikotlan ya gaya masa cewa yabon ya wuce gona da iri har ya kai ga saɓo, irin wanda Maryamu uwar Annabi Isa kaɗai za ta iya ɗauka. Amsar Donne ita ce shi ba yarinyar ya siffanta ba, cikakkiyar mace ya zana yadda hankali ke hasashenta.

Waƙoƙin suna da zurfi, masana har yau suna tono a cikinsu, amma ina bayan Jonson. Yana da hurumin magana, domin annobar da ta auka wa Landan a 1603 ta ɗauke masa ɗansa Benjamin yana ɗan shekara bakwai, shi kuma ba ya gari. Layi 12 ya rubuta masa. A ciki ya ɗauki yaron a matsayin aron da aka ba shi, lokacin maidawa ya yi, tunanin da duk wanda ya taɓa jin an ce "wanda ya ba da shi ya karɓi abinsa" zai gane nan take. Shi kansa Donne, da mutuwa ta shigo ɗakinsa a 1617 ta ɗauke Anne tana da shekara 33, kwanaki kaɗan bayan haihuwarta ta 12, layi 14 ya iya yi mata. Bai sake aure ba har ya mutu a 1631.

Ba sai mun tsallaka teku ba kafin mu ga yadda ake yin abin da kyau. Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba baƙuwa ba ce a wurin mutanen Nijar, tunda an haifi mahaifinta a Maratta a 1754, garin da yau yake cikin jihar Tawa. An haife ta a 1793, tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yaƙi da yunwa, ta kuma yi tsawon rai har 1864. Mai tsawon rai shi ke binne mutane. Ta rasa mahaifinta a 1817, ta rasa yayanta Muhammadu Bello a 1837, daga baya ta rasa mijinta Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, da ƴan'uwa da aminai da ɗalibai. Cikin rubuce-rubucenta na Larabci da Fulatanci da Hausa, waɗanda Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997, marsiyya ta ɗauki kaso mai yawa. Ba ita ta fara ba. Baffanta Abdullahi na Gwandu ya sa marsiyyoyin abokansa da suka faɗi a fagen fama cikin Tazyinul Waraƙat, kuma malaman zamanin duk sun san Hansa'u, wadda ta shafe shekaru tana kukan ɗan'uwanta Sahru. Abin da Asma'u ta ƙara shi ne waɗanda ta ga sun cancanci a yi musu.

Ta yi wa Bello, wannan dole ne, ko da yake a nan ma halinsa ta fi bi, ba yawan garuruwan da ya ci ba. Amma ta yi wa Halima, maƙwabciyarta, wadda ba sarauniya ba ce kuma ba a san ta da wani littafi ba, mace ce mai hankali da son yara, mai sasanta dangi in an saɓa. Ta yi wa Zaharatu, wadda ake kira in mace tana naƙuda, ake kuma kira in za a yi wa gawa sutura. Ta yi wa Hawa'u, jaji, ɗaya daga cikin shugabannin ƴan taru da ke ɗaura malfa su jagoranci matan ƙauye zuwa Sakkwato neman ilimi. A tsaya a yi tunani a kan wannan. Ƴar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri, ta zauna ta auna kalmomi, ta daidaita amsa-amo, saboda ungozoma. Babu magajin da zai ba ta doki ko riga. Sakamakon haka, bayan fiye da shekara 160, mun san abin da Zaharatu ke yi da dare in an ƙwanƙwasa mata ƙofa, alhali sarakuna da yawa na zamaninta suna kawai suka bari a jerin sunaye.

Akwai masu cewa ai manufarta koyarwa ce, tana jero halayen kirki ne don mata su kwaikwaya. Haka ne, malama ce, ba ta ajiye allo ko a gaban kabari. Amma wanda ya ce koyarwa ce kaɗai bai kula da marsiyyar da ta yi wa aminiyarta A'isha ba, wadda suka yi ƙuruciya tare, suka ga hijira tare. A can Asma'u ba ta ɓoye karayar zuciyarta ba, har ta kare hawayenta da hujjar shari'a, cewa kururuwa da ihu aka hana, ba zubar hawaye ba. Hujjar tana da ƙarfi, domin Manzon Allah da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Ina ganin da an riƙa tuna wannan a gidajen makokinmu da an rage yawan matan da ake tsawata wa da "ki yi shiru, kina ƙona shi" tun kukan bai fito ba. Haƙuri maganin zaman duniya ne, babu musu. Amma sau da yawa mai cewa "yi haƙuri" ba ya nufin komai sai "kada ki sa ni jin nauyi". Haƙurin da Asma'u ta nuna ya ƙunshi faɗin abin da aka rasa, dalla-dalla, sannan a miƙa wa Mai shi.

Hannun da ya rubuta waɗannan marsiyyoyi shi ne ya rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839, littafin Larabci kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani, wanda ya taɓo zazzaɓi da naƙuda da damuwar zuciya. Bello ma ya yi rubutu kan ciwon ido da basur. A wurin mutanen wannan gida, ciwon jiki da ciwon rai ba ƙofa biyu suke shigowa ba, kuma magana mai tsari tana cikin magunguna. Sun gaji wannan fahimta. Labarin Burda sananne ne a duk zauren da ake karatu: Busiri, mawaƙin Masar na ƙarni na 13, ɓarin jikinsa ya shanye, ya yi wa Annabi waƙar yabo, ya gan shi a mafarki ya lulluɓe shi da mayafinsa, ya farka da lafiya. Shi ya sa har gobe ake karanta ta a kan marar lafiya. Ishiriniyar Alfazazi da ake rerawa a daren Mauludi, wadda ke sa dattijo mai furfura kuka a bainar jama'a ba tare da kowa ya ce masa ya yi haƙuri ba, ita ma tana wannan aiki. Bege ciwo ne da mai shi ba ya son ya warke, amma yana buɗe hanyar da sauran baƙin ciki ke bi su fita.

Turawan ƙarni na 17 ba su yi nisa da wannan tunani ba, kuma da dalili. Robert Burton, wani malamin Oxford, ya fitar da ƙaton littafi a 1621 a kan ciwon baƙin ciki marar dalili, ya ci gaba da yi masa ƙari har ya mutu a 1640, shi kansa yana fama da ciwon. Ilimin da ya dogara da shi na sinadarai huɗu ne da ke jikin mutum, wanda in baƙar matsarmama ta rinjaya sai rai ya dugunzuma. Wannan ilimi daga likitocin Girka irin su Jalinusu ya taso, ya bi ta hannun Razi da Ibn Sina, kuma Burton yana ambaton su biyun. Ke nan littattafan da ke gabansa da waɗanda ke gaban malaman Sakkwato kakansu ɗaya. Likitancin yau ya yi watsi da batun matsarmamar, ya kuma yi daidai. Sai dai magungunan da Burton ya lissafa ba su tsufa ba: kiɗa da waƙa, zama da aboki a faɗa masa abin da ke rai, tafiya a ƙasa, gudun kaɗaici da zaman banza.

A dawo Bukoki a duba abin da ke faruwa bayan an naɗe tabarmi. An yi sadakar uku, wasu su yi ta bakwai da ta arba'in, wasu kuma su ce bidi'a ce su bari, wannan gardama ce ta malamai. Baƙi sun koma Filinge da Ƙonni da Maraɗi. Matar mamaci ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne ainihin rashin ke sauka, lokacin da babu mai tambayar ta ya haƙuri. Ba ta barci, abinci ba ya shiga, kai yana sarawa. In ta je asibiti aka auna aka ce hawan jini ne, a gida sai a ce "tunani ne ya yi mata yawa", kuma duka biyun gaskiya ne. Saurayin da ya rasa uwa ba shi da takaba, ba shi da ɗakin kuka. Yana da fada, inda ake dafa shayi har tsakar dare, in ya yi sa'ar abokai su riƙe shi. In bai yi sa'a ba, mai tallar ƙwayoyi a tire yana nan da tramol. Mutanen Yamai suna ambaton Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa, da tsoro da kunya, har iyali su gwammace ɓoye marar lafiya da a gan su a ƙofar. Wannan kunya tana cutar da mu. Wanda baƙin ciki ya kwantar likita yake bukata, kuma babu baitin da zai maye gurbin magani. Amma tsakanin rumfar makoki da gadon asibiti akwai fili mai faɗi, kuma a wannan fili ne waƙa ta saba aiki.

Ba ta ɓace gaba ɗaya ba. A bakin Katako, cikin ƙarar guduma da hayaƙin masu narka gwangwani suna zuba tukwane, wani lokaci makaho kan ratso da ɗan jagora a gaba, hannunsa a kafaɗar yaron, yana rera Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon Zariya da ya rayu daga 1894 zuwa 1990. Waƙar tana magana kan mutuwa da kabari da ƙarewar duniya, abubuwan da ba a so a ji da tsakar rana ana ciniki, amma sai ka ga maƙeri ya dakata da guduma, ya laluba aljihu. Ba tausayin makahon kaɗai ya motsa shi ba. An faɗa masa abin da ke cikinsa da kalmomin da shi ba zai iya haɗawa ba.

Kuma in ana neman ɗanyen kayan marsiyya, yana cikin gida, ɓangaren mata. A can shaida ba ta zama guda ɗaya ba tukuna. Wata tsohuwa za ta gyara lulluɓi ta ce, "Ɗiyata, ke ba ki sani ba, shekarar da mijina ya tafi Kwatano bai aiko ba, uwarki ce ke turo mini tuwo bayan isha'i, ta bayan gida, don kada kishiyoyina su gani." Wata ta ce ita ce ta yi mata wankan jego. Wata ta tuna yadda take faɗa in an taɓa mata tsintsiya, a yi dariya cikin hawaye. Ƴar mamaciya tana jin wannan za ka ga kukanta ya sauya, domin yanzu uwarta ake magana a kai. Daga wannan ɓangare na katanga Asma'u ta ɗebo Halima da Zaharatu. Bambancin kawai ita ta sa musu ma'auni da amsa-amo, abin da ke sa magana ta zauna a ka, a iya maimaita ta a wata na uku na takaba, a iya koya wa jika.

Yau sanarwar rasuwa a gidajen rediyon Yamai takan jero iyalai goma sha, na Yamai da na Abijan da na Faransa, a kan mamacin kuwa ba a faɗin komai sai suna da ranar jana'iza. A WhatsApp hoto ne da addu'ar da aka kwafo. Amma garin bai rasa masu baki ba. Akwai matasan da ke slam da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, irin su Jhonel, akwai ɗaliban Jami'ar Abdu Mumuni, akwai mata masu waƙen Islamiyya da ke tsara baitoci duk ranar saukar karatu. A cibiyar IRSH akwai dubban rubuce-rubucen ajami da na Larabci da Bubu Hama ya fara tarawa, ga kuma muryoyin da cibiyar CELHTO ta naɗa tun daga 1968, duk a cikin garin nan, tafiyar ɗan lokaci a kabu-kabu daga Bukoki. Ina so in ji ɗayansu ya yi wa mai ga-ruwa marsiyya, wanda ya shekara ashirin yana tura kura a layi ɗaya, ya san gidan da ba a karɓar kuɗi saboda marayu ne. A faɗi sunansa da garin da ya fito, a faɗi gidajen da yake fara kai wa ruwa da asuba, a faɗi bashin da ya yafe da wanda ya ƙi yafewa, sannan a rera ta a ƙofar ɗakin da yake haya, matarsa tana ji.